Yatsun Oga Omatsola

Karo na uku ke nan garin ƙarfen kobalt yana mutuwa a hannun Toju. Ta buɗe famfon tukunyar gwaji, ko ɗigon kaki bai sauko ba. Aikin garin ƙarfen nan shi ne ya kamo iskar kabon monoksayid da ta haidurojin a jikinsa, ya tsinka su, ya sake ƙulla su su zama kakin da ake tace dizal da shi. Nata kuwa da ya fara sai ya kwanta.

"Injiniya, ko dai ƙarfen ne ba ya son jan farce?" in ji Misan, abokin aikinta.

Ba ta ko dube shi ba. Ita kaɗai ce mace a ɗakin gwajin, kuma an riga an gaya mata: in na huɗu ya mutu, ta nemi kwalekwalen komawa Warri. Ta sauya bututu, ta auna iskar ta sake aunawa, tana neman farar wuta, gubar da in ta manne wa kobalt ba ya ƙara tashi. Babu alamarta. Duk da haka kullum ita ce farkon zuwa, kanta a sama.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mata dariya ba, Oga Omatsola, shugaban ɗakin. Al'adarsa ce ga kowane sabon ma'aikaci, kafin a rufe tukunya ya tsakuri garin, ya murza ya ji laushinsa, ya mayar, ya sa albarka.

Ran nan da rana, bayan ya gama da tuwon sitaci da miyar banga ta kwakwar manja, ya wanke hannu ya ciro wani ɗan gwangwani. Ya lakato wani magani rawaya yana shafawa tsakanin yatsunsa.

"Baba, wannan fa?" in ji Toju, da ke cin nata abincin kusa da shi.

"Ƙaiƙayi, 'yata, tun farkon damina. Man farar wuta ne kawai ke jin maganata."

Lomar da ke hannunta ta kasa kaiwa baki.

Da aka taru zuba gari na huɗu, ya miƙo hannu yadda ya saba. Toju ta riƙe masa wuyan hannu. 

"Kin haukace?" Misan ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri. Shinshina yatsunka."

Ya shinshina. Shi da ya koya wa rabin mutanen ɗakin tsoron farar wuta, sai ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani.

"Duka ukun?" ya tambaya.

"Duka."

Ya mayar da hannayensa bayansa, ya ce ta rufe tukunyar da kanta.

Washegari kaki ya fara ɗiga, fari sol. Toju ta tara a kwalba ta ajiye a gaban Misan, ta duƙa ta cire takalminta tana shafa jan farce a yatsun ƙafarta.