Agogon Baba Direba

"Miƙo hannu," in ji Baba Direba. "Ba wannan ba, wanda kake cin abinci da shi."

Mai Hatimi ya miƙa na dama. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninsa da tsohon, kuma bai taɓa koyon yadda ake ce masa a'a ba. Tsohon na kwance a katifa, ɓarin jikinsa na hagu ya daina jin magana tun watan jiya. Matar tsohon ce ta ɗaura wa Mai Hatimi agogon, shi yana ba da umarni kamar mai koya wa wani shan kwana.

Agogon aikin hannunsa ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa wani attajiri, yana kallon agogon zinaren mutumin ta madubin mota. Da ya ajiye aiki sai ya ce shi ma zai ƙera irinsa. Injin ya samo wurin masu gyara a kasuwa, jikin ya goge daga tagulla da magagari, gilashin kuwa na tsohon tabaran matarsa ne. Har sunan kamfanin ya zana a fuskar da allura, sai dai haruffa biyu sun juya baya, don ta madubi ya haddace su.

"Ba ya cin batir," in ji tsohon. "Motsin hannu yake ci. In aka ajiye shi, kwana biyu zai yi ya tsaya. Na duba layin nan kaf, ban ga mai wahalar da hannu a banza kamarka ba. Tun safe tim, tim, tim a kan takardun mutane."

"Na gode da yabo, Baba."

"Tun da na kwanta ya fara ja da baya. Ni ma haka. Tare muke tafiya da shi. Kar ka bari ya tsaya."

"Ka ji shi ko," matar ta ce. "Likita ya ce hawan jini ne, shi ya ce agogo ne."

Mai Hatimi ya yi dariya, ita ma ta yi. Tsohon bai yi ba.

Mako uku ya riƙe amana. A ofis abokan aiki suka koma ce masa "ranka ya daɗe", shi kuwa ya riƙa naɗe hannun riga ko ana sanyi. Kullum bayan la'asar yakan leƙa, tsohon ya kara agogon a kunne, ya rufe ido, sannan ya yarda a ba shi abinci. Mai Hatimi bai yarda da zancen ba ko kaɗan. Kawai dai ya lura ya fara kaɗa hannu ko a zaune yake.

Ranar Juma'a ya kwance agogon zai yi alwala, don tsohon ya ce ruwa na shiga ta gefen gilashin. Ya ɗora shi a bakin tagar da ke saman famfon ofis. Wani ya ce an kusa tayar da salla, ya saka takalmi ya bi su. Sai da ya isa gida, zai wanke hannu, ya ga fata tsirara.

Ya koma da sauri. An rufe.

"Makullin get kaɗai gare ni," in ji mai gadi. "Na ciki yana wurin shugaba, shi kuma ya tafi ganin gida. Sai Litinin."

"Ba za a iya ɓalle ƙofar ba?"

"Saboda agogo? Na zinare ne?"

"Na tagulla ne."

Mai gadi ya dube shi, ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Ranar nan bai leƙa maƙwabci ba. Ranar Asabar matar ta buga katanga ta ce ana nemansa. Ya zura riga mai dogon hannu ya shiga. Ɗakin na warin man zafi. Hantsaki da ƙananan sukudireba suna nan jere a kan tire, ƙura ta hau su.

"Ƙarfe nawa?" in ji tsohon.

Mai Hatimi ya ɗan ɗaga bakin hannun rigar, ya duba shatin da maɗaurin ya bari a fatarsa.

"Biyar saura minti goma, Baba."

"Kawo in ji."

Tsohon ya kama wuyan hannunsa da hannun da ke aiki, ya ja shi zuwa kunne, da rigar da komai. Ya daɗe yana saurare. Mai Hatimi yana jin jijiyarsa na bugawa a ƙarƙashin yatsun nan masu sanyi.

"Yana tafiya," tsohon ya ce a hankali. "Amma wannan naka ne."

Ya sake shi. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa matarsa ta ɗauke kwanon, ba ya jin yunwa.

Ranar Lahadi Mai Hatimi na zaune a tsakar gida yana kaɗa hannun da babu komai a kai, sai ya ji an daina daka a gidan maƙwabcin. Can sai muryar matar, ba da ƙarfi ba, tana salati. Ba a kira azahar ba tukuna. Shi ya kama makara ta gefen dama, kuma ba wanda ya tambaye shi komai. Matar ma da ya je gaisuwa, hannunsa kawai ta kalla, ta ce Allah ya ba da lada.

Litinin ya riga shugaba isowa. Ana buɗe ƙofa ya wuce wurin famfo. Agogon na nan a bakin taga, fuskarsa sama, rana na kansa. Ya tsaya a ɗaya saura kwata. Mai Hatimi ya fara lissafi a ransa, sai ya ga gara ya bar lissafin.

Ya sa yatsu biyu ya ɗaga shi. Ɗagawar nan kaɗai ta isa. Siririn tsinken sakan ya motsa, ya ci gaba daga inda ya tsaya, yana ƙas-ƙas a cikin tafinsa.

Mai Hatimi ya mayar da shi bakin tagar a hankali, ya janye hannu ya ɓoye a baya. Famfon na ɗiga. Tsinken ya yi taku goma sha ɗaya, sannan ya tsaya.