Yabon da Audi Ya Yi wa Hashim

Da masu bindigar farko suka gudu, na biyu suka shigo, ba iri ba taki. Wani zabit suka turo, hafsan soja mai baƙin tabarau, yana bin ƙauyukan gabas da Rufa'a yana auna mutane: wa ke tare da su, wa ke ɓoye jam'iyya a ciki.

Audi ne shehun ƙauyen. Shi duk zatonsa mai rabon kayan agaji ake nema. A nan kuwa in baƙo ya tambayi halin ɗan gari, ba a rage masa komai, har ƙari ake yi. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shayi.

"Ya Hajj, wa ke haɗa kan mutane a nan?" in ji zabit.

"Hashim, ɗan ƙanwata," Audi ya ce, har da gyara rawani. "Shi ya ɗora tukunyar gari lokacin yunwa. Kowa ya zo ya ci."

"Kowa?"

"Wallahi kowa. Bai tambayar kai na wa ne. Ruwan tur'a ma, kwatar ban-ruwan gonaki, cewa ya yi mai gona da ɗan ƙwadago daidai suke. Da masu gona suka ƙi, ya sa 'yan ƙwadago suka aje lauje."

Zabit ya cire tabarau. "Yaushe ya shiga jam'iyyar?"

"Wace jam'iyya?"

"Ta Kwaminis. Shuyu'i ne, ya Hajj. Da bakinka ka faɗa."

Audi ya aje kofin shayi. "Haba ɗana! Mutumin da bai barin sahun farko? Ko sunansa bai iya rubutawa!"

"Irinsu sun fi haɗari. Khalas, magana ta ƙare."

Daga bakin murhu aka jawo Hashim, hannunsa duk toka. "Kawu, mi na yi?"

Audi ya dubi mazan da suka sha yin layi da kwano gaban tukunyar nan. Zabit ya ɗaga murya: "Akwai mai tare da shi?"

Ko tari ba wanda ya yi.

"To da wa kuke?"

"Da ku!" Da irin muryar da suka amsa wa masu bindigar farko bara.

Mota ta tafi da shi. Fatsuma, uwar Hashim, ta iso da gudu ba takalmi.

"Yaya, wane la'ananne ya kai ƙararsa?"

"Ba wanda ya kai ƙara," in ji Audi, kansa a ƙasa. "Yabonsa na yi."

Ta dube shi ta ce:

"To don Allah, in sun dawo, sauran 'ya'yana ka zage su."