Tsohuwar Amfilifayar Filin Ƙwallo

Auta gyaran waya take yi, a wani ɗan shago da ko miƙe ƙafa ba a yi a cikinsa sosai. Idonta ya saba da ƙananan abubuwan da sai da gilashi ake ganinsu. Shi ya sa ranar da kawunta da maƙwabcinta Maiwalda suka shigo suna nishi, sun rungumo wani baƙin akwatin ƙarfe, ta ce, "Kawu, injin niƙa ka kawo mini?"

"Amfilifaya ce, marar kunya. Ta girme ki nesa ba kusa ba."

Kawu shi ke sharhin wasa a filin ƙwallon unguwa tun gashinsa yana baƙi. Yanzu murya ta fara ja da baya, ƙananan lasifikokin zamani da ake kawowa kuwa, da ya ɗaga murya sai su shaƙe. Har an fara raɗe-raɗin cewa a wasan ƙarshe na bana wani za a miƙa wa makirufo. Shi ne ya tuna da wannan tsohuwar na'urar ƙara ƙarfin murya, ya je ɗakin ajiyar fili ya tono ta daga ƙarƙashin yagaggun ragogi.

Da Auta ta kwance murfin, kyankyasai suka watse. Kafasitoci, 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, sun kumbura kamar kumatun mai fushi, wayoyi sun bushe suna karyewa. Amma da ta ɗora mitar awon wuta a kan taransifomar, sai ta ga lafiyarta lau. Ta daɗe tana kallon cikin akwatin. Komai a fili yake, kana iya bin hanyar wuta da yatsa tun daga shigarta har fitarta. Nan take abin ya shiga ranta.

Ta wanke allon da kayan wutar ke kai, ta sauya kafasitoci, ta sake narka dalma a duk inda ta tsage, ta sayo sababbin taransistoci, masu ƙara wa sauti ƙarfi, a kasuwa. Ranar gwaji Kawu ya zo da wankakkiyar riga. Ya gyara murya ya ce, "Ɗaya, biyu..." Sai ji suka yi fat! Hayaƙi ya turnuƙe shagon, Maiwalda ya yi waje da gudu har ya bar takalmi ɗaya.

Kawu ya ajiye makirufon a hankali. "Bar ta, 'yar nan. Ni da ita duk mun yi namu zamanin."

Wannan magana ta fi hayaƙin yi wa Auta zafi a ido. Bayan tafiyarsa ta ɗauki filaya ta fasa ɗaya daga cikin taransistocin. Daga waje ƙato, ciki kuwa ɗan mitsitsin abu ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Jabu aka sayar mata.

Ta rufe shago ta shiga wajen masu tsofaffin ƙarafa. Ta yi ta tonon tsibin matattun rediyoyi, hannunta duk ya kakkarce, har ta ci karo da 'yar'uwar tasu amfilifayar, wadda mota ta take gefenta. Daga cikinta ta ciro taransistoci na asali, ta auna su ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa waɗanda ƙarfinsu ya zo daidai. Ba ta tsaya nan ba. Ta sa Maiwalda ya huda bayan akwatin ta dasa fanka, ta ƙara wani ɗan makunni da zai yanke lasifika da kansa in wuta ta yi gardama.

A gwaji na biyu ba ta kira Kawu ba. Ta jona kwan fitila a kan hanyar wutar, don in da matsala shi zai haska ya shanye ta. Kwan ya yi haske, sannan ya dushe a hankali. Ta kara kunne a lasifika: shiru, ko ɗan gurnani babu. Auta ta daka tsalle har kanta ya bugi katakon ajiye kaya.

Ranar wasan fili ya cika maƙil. Kawu ya zauna yana harare-hararen akwatin, ya yi sallama ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tashin jariri. Muryar ta fita cikakkiya, mai kauri, ta ratsa fili ta ƙetare titi, har masu shaguna suka leƙo. Jama'a suka juyo gaba ɗaya. Kawu ya miƙe tsaye.

Daga nan fa ba abin da ake ji sai muryarsa a lasifika. Da aka zura ƙwallo ya ja ihu har numfashinsa ya ƙare, amfilifayar ba ta ko yi tari ba. Auta na tsugune a bayanta, tafin hannunta a kan murfin. Ɗumi kawai take ji, irin na jikin mai lafiya.

Da aka busa tashi, Kawu ya share gumi ya sunkuyo wajenta, ya manta makirufon a kunne yake.

"Wallahi 'yar nan, kin fi uwarki taurin kai!"

Fili duka ya ji. Aka kwashe da dariya, aka hau tafi, Auta ta rufe fuska da gyale tana dariya har da hawaye.