Ranar da Mai Duba Ya Zo

Ni na jawo mana, babu wanda zan ɗora wa.

Shekara tara ina riƙe da ɗan ɗakin masu lalurar ƙwaƙwalwa a bayan asibitin unguwa. Benci biyu ne da kabad ɗin magani, amma ran Talata sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Da aka ce ma'aikatar lafiya za ta turo mai duba ran wata Talata, kuma rahotonsa ne zai sa a ci gaba da ba mu kuɗi ko a rufe mu, sai na yi abin da kowa ke yi in zai yi baƙo. Na sa aka wanke bango. Waɗanda jikinsu ya tashi, masu surutu da masu kuka, na roƙi 'yan uwansu su bari sai Laraba. Wai ni mai dabara.

Mutum shida mai duban ya tarar, tsaf-tsaf, shiru kamar masu jiran mota. Dattijo ne mai kirki, ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su. Ya tsaya kan Tela, wanda ƙaninsa ya kawo mana a ɗaure shekara uku da suka wuce, allurar wata-wata ce ta mayar da shi kan keken ɗinkinsa.

"Malam, yaya jiki?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ina ta ɗinkina."

Bayan wata biyu takarda ta iso. An yaba da tsaftarmu. Masu zuwa kaɗan ne, duk sun samu sauƙi, don haka a rufe ɗakin, a koma da su babban asibiti. Mota biyu ake shiga kafin a kai can, Tela kuwa cunkoson mota rikita shi yake yi, ko ƙaninsa ba ya iya shigar da shi.

Na kwashi rajista na tafi ma'aikatar, na yi magiya har na ji kunyar kaina. Sakataren ya ce abin da jami'insu ya gani da idonsa shi ake bi. Haushi ya cika ni, amma ƙarya ya yi?

Talatar ƙarshe Tela ya zo allura, bai ji labari ba. Yana gyara hannun riga ya ce, "Sista, kin san ran da mai duban nan ya zo hannuwana rawa suke yi? Zama na yi a kansu har mutumin ya fita."

Dariya yake, yana jiran in yaba masa. Ya miƙo katinsa in rubuta ranar dawowa. Na buɗe biro, na daɗe ina kallon katin.

"Ko biron ne ya ƙare?" in ji shi.