Takardun da Ba Su da Lamba

Yaya za a yi mutum ashirin da biyu, waɗanda ba su yi shawara da juna ba, su yanke magana ɗaya a rana ɗaya? Na daɗe ina juya tambayar nan, ban samo amsarta ba. Abin da idona ya gani kawai zan iya faɗa.

Ajin manya ne na koyon karatu da rubutu. Ƙarfe huɗu muke shiga, bayan yaran firamare sun tashi, mu zauna a kan bencinsu gwiwoyinmu na dukan tebur. Mu ashirin da uku ne: teloli, direbobi, masu kanti, da mu biyu masu gyaran mota. Wasunmu sun haifi Malamar.

Ranar farko ta zo da gwangwanin madara cike da ƙananan takardu a naɗe. Ta ce kowa ya zari ɗaya, ya ɓoye lambarsa ko ga na kusa da shi. Lambar za ka sa a saman aikinka, ba suna ba. In ta duba, sai ta kwafi jimla a allo ta ce, "Lamba bakwai ce ta rubuta wannan," mu taru mu gyara. A yi ta dariya, mai lamba bakwai ma ya taya mu, ba wanda ya san shi ne. In an tashi, takardun na shimfiɗe a teburin bakin ƙofa, kowa ya fita shi kaɗai ya ɗauki tasa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi sa hannu a gwangwanin: maigidana, wanda na yi shekara tara ina koyon aiki a ƙarƙashinsa. Baba Makaniki ake ce masa. Inji in ya yi tari, daga tsallaken titi yake gaya maka ciwonsa.

"'Yata, mota ake liƙa wa lamba," ya ce da Malama. "Shekara sittin da huɗu ina amsa sunana."

"Baba, don rufin asirin kowa ne."

"Nawa a rufe yake, na gode."

Sunan da yake taƙama da shi kuwa bai iya rubuta shi ba tukuna. Don haka saman takardarsa kullum fari fat, ita kaɗai a cikin ashirin da uku.

A mako na biyar Malama ta zo da mura, idanunta na ruwa. Ta zari takarda ta kwafi layi a allo, rabin haruffan sun juya baya. Dogo direba ya ce, "Wannan da ribas ya shigo aji." Aka kwashe da dariya. Malama ta duba sama don ta faɗi lamba, ta juya takardar, ta sake juyowa. Babu lamba a jikinta, nan take kowa ya gane mai ita.

Da aka tashi na bi shi a baya har bakin titi.

"Ni na koya maka riƙe sifana," ya ce, bai waiwayo ba. "Yau kana zaune ake min dariya."

"Maigida, ni ban yi ba."

Na yi. Allah ya sani na yi, har da buga tebur.

"Ban ce ka yi ba. Ran Litinin zan zo in yi wa yarinyar sallama, kada ta ce guduwa na yi."

Litinin ya zo, ya zauna a bencin ƙarshe. Malama ta ba da shifta, shi ma ya rubuta tunda yana zaune. Ni kuwa da na gama, na ɗora fensir inda nake sa lambata, sai na fasa. Na ce a raina, in marasa lamba suka zama biyu, ai ya samu inuwar fakewa. Ban gaya wa kowa ba.

Malama ta tattara takardun ta zauna. Ta ɗaga ta farko, ta ajiye. Ta biyu, ta uku. Hannunta ya ƙara sauri har ta kai ta ƙarshe, sannan ta ɗago kai.

"Wa ya ce ku yi haka?"

Muka shiga kallon juna.

"Wallahi na zaci ni kaɗai ne," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ma haka," in ji wata tela a gaba.

Mutanen nan ko gaisuwar kirki wasunsu ba sa yi da juna. Babu takarda ko ɗaya mai lamba.

Malama ta baza su a tebur ta ce kowa ya nemi tasa. Ina! Rubutunmu duka tafiyar kaza ne, har mutum biyu suka kama takarda ɗaya kowa na rantsuwa tasa ce.

"In haka za ku riƙa yi, ba wanda zai san kuskurensa, balle ya gyara," in ji Malama.

Wata dattijuwa mai kanti ta gyara gilashinta. "Sai mu tafi a haka, 'yar nan. In rashin karatu ne, ba baƙonmu ba ne."

Benci ya yi ƙara a baya. Baba Makaniki ya miƙe, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan Dogo.

"Ku dai ba ku da wayo," ya ce. "Ku zubar da karatunku saboda taurin kan tsoho? Malama, ina gwangwanin nan?"

Ta ciro shi daga jaka. Takarda ɗaya ce tal a ciki.

"Tsaya, Baba," in ji telar. "Lambar da ta rage ba ta taɓa hawa allo ba. Ranar da ta hau, an san mai ita."

Ba wanda ya ce a yi, sai hannaye suka shiga aljihu, da jaka, da cikin hula. Kowa ya fito da 'yar takardarsa, wasu sun yi baƙi don ajiya, aka zuba a gwangwanin. Malama ta rufe bakinsa da tafin hannu ta girgiza, ta miƙa masa shi da hannu biyu.

Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, yadda yake yi in zai shiga cikin inji, ya zura yatsu ya zaro ɗaya.