Wanda Ya Tsaya a Gefe

"Ki ce mata na ji," in ji Malam Mahadi, ya kashe wayar a kunnena.

Na tsaya a tsakar gida raina a ɓace. Daga cikin ɗaki Inna Bara'atu ta ce, "Shafa'atu, mi yac ce?"

"Ya ce yana nan tahe, Inna."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a Tudun Wada. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ƙanenta Mahadi da ke noma a Kekun Waje shi kaɗai ya rage mata. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, abinci ma ta daina nema. Shi kawai take tambaya.

Idanun Inna garau suke, farare tas, kuma su suka ja mata. Likitan ido ya ce ganinta ya mutu ta gefe-gefe, ko a wajen hukuma makauniya ce duk da ɗan abin da take gani. Ranar da na tambaye ta yadda abin yake, sai ta dunƙule hannuna ta bar 'yar kafa, ta ɗora mini a ido. "Leƙa. To, iyakar duniyata ke nan." Na ga rabin fuskarta. Tulun da ke jikin ƙafata ban gan shi ba.

Ta wannan 'yar kafar take ɗinkin hula, har ta zura zare a allura da kanta. Shi ya sa 'yan unguwa suka ƙi yarda. A wurinsu makaho sai mai sanda da ɗan jagora. In ta wuce mace a lungu ba gaisuwa, sai a ce girman kai ne. Na yi cacar baki da mata a kan haka har na gaji. Ni dai in zan yi mata magana, sai na zagayo na tsaya saitin fuskarta.

Gaisuwar ce kuma ta raba ta da Mahadi. Da ɗansa Bashar ya rasu shekarun baya, ta shiga mota ta je ta'aziyya. Yana tsaye a gefen zaure, ya ga yayarsa, ya yi shiru yana jira, tunda mai rashi ake fara gaisarwa. Ta wuce shi, mayafinta har ya shafi rigarsa. Tana shiga cikin gida kuma, a gaban mata, ta cire wa wata yarinya ƙaya a tafin ƙafa. Labari ya fito waje. Ta aika, ta roƙa, ta koma da ƙafarta. Amsarsa ɗaya ce: "Ta ga ƙaya, ni na ba ta gani ba?"

Washegarin ranar da na kira shi a waya, bayan azahar, ina gidan Inna na ji sallama. Ban zaci zai zo ba. Dogon dattijo ne, ya shigo fuska a murtuke, ya iske ta tana barci. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya tsaya a gefen gado daidai kanta, rigarsa na taɓa matashin kai.

Can ta buɗe ido, ta kafa shi a ƙofa.

"Shafa'atu, bai zo ba ko?"

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Har a lokacin gwada ta yake yi. Wallahi da ba babba ba ne, da na gaya masa magana.

"Bar shi, ɗiyata," in ji ta. "Na san lallashina kika yi jiya. Akwai hula cikin kwalla, tashi ta. In na tahi ki kai mishi. Ki hwaɗa mishi wallahi ban gan shi ba ran nan. Ni nag goye shi a bayana, ƙaƙa zan wuce shi?"

Malam Mahadi ya miƙa hannu a hankali, ya kaɗa shi dab da kuncinta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya sake kaɗawa. Sai ya sauke hannun.

"Baba," na ce, "zagayo gabanta."

Ya zagaya ta wajen ƙafafunta ya durƙusa. Ta riƙa juya kai kaɗan-kaɗan tana lalube, ta bi rigarsa, ta hau gemu, sannan ta tsaya.

"Mahadi? Yaushe kay yi hurhura haka?"

"Yaya," ya ce.

Ta tattaro numfashi da ƙyar. "Ya haƙuri? Ya haƙurin Bashar? Allah shi jiƙan shi, shi ba ka dangana."

Duk shekarun nan gaisuwar tana bakinta. Ya kifa kansa a kan ƙafafunta da suka kumbura. Ni kuwa na fita na jingina da katanga na yi kukana. Kafin magariba Inna ta cika, yana durƙushe inda take iya ganinsa.

Ran sadakar uku, da mutane suka ragu, na ɗauko tuwo na shiga gidan. Na same shi zaune a bakin ɗakinta, inda take zaman ɗinki, hular tana kan gwiwarsa. Ya dunƙule hannu ya ɗora a ido, yadda na nuna masa, yana juya kai a hankali, daga turmi zuwa igiyar shanya, daga igiyar zuwa ƙofar zaure.

Na daɗe tsaye a gefensa da kwanon a hannuna. Bai gan ni ba.