Haɗin Ƙarshe na Rabo

Ranar da Suwaibatu ta koma aiki bayan sadakar bakwai ɗin Rabo, kujerarsa na nan a ɗan ofishinsu na Faskari, ba wanda ya iya gusar da ita. Su biyu suka gina manhajar da ke sanar da manoma yadda kasuwar hatsi ta tashi, kafin mota ta kife da shi a hanyar Sabuwa.

Shugabansu, Malam Abdulgafar, mutum ne mai son tsari har ya yi yawa. Ya bugo waya ya ce tarihin aikin, wato jerin sauye-sauyen da aka yi wa manhajar, ya cukurkuɗe, ta miƙar da shi. A sana'arsu kowa na aiki a reshensa, wato nasa kwafin manhajar, daga baya a haɗe. Miƙarwar kuwa, wadda suke kira rebase, ita ce a tsinke reshe a dasa shi a kan na gaba, komai ya bi layi ɗaya.

Ta yi yadda aka ce. Ai kuwa sai manhaja ta rikice, ta riƙa auna masarar Yankara da tiyar Ƙanƙara, alhali tiyoyin kasuwannin biyu ba girmansu ɗaya ba. Ta bi sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya har la'asar, kowanne lafiya lau. Can ta gano. Ashe miƙarwar tana watsar da wuraren da rassa suka haɗu, kuma a irin wurin ne Rabo ya daidaita awon da hannunsa. Wannan haɗin shi ne aikinsa na ƙarshe a duniya, ita kuma ta share shi da yatsa ɗaya. Wallahi sai da ta yi kuka.

Allah ya taimaka, tsohon tarihin bai bar kwamfutarta ba. Ta kira shugaban ta yi masa bayani.

"To, ki sake rubuta gyaran mana," in ji shi. "Layi nawa ne?"

"Malam, in na rubuta, nawa ne. In kuma na liƙa sunansa a kai, na yi ƙarya. Don Allah a bar shi da karkacewarsa."

Sai ya ce, "Allah ya jiƙan Rabo. Mayar da shi yadda yake."

Da kaka ta yi aka ɗauko sabon ma'aikaci, Salim, mai tambaya kamar ɗan jarida. Yana bin tarihin aikin sai ya tsaya cak.

"Yaya Suwaiba, wane ne Rabo? Kai, wannan gyaran ya burge ni! Ba ni lambarsa, ina so in ji yadda ya yi."

Ta ɗauke hannu daga kan kwamfutar, ta juyo gare shi.

"Ba za ka same shi a waya ba," ta ce. "Matso nan, ni zan gaya maka."